Liyafar Kirsimeti ta wurin aiki a mashaya: in je ko in ba da haƙuri?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. A sashen da nake aiki a asibiti a nan Ingila sun shirya cin abincin Kirsimeti na ma'aikata, Alhamis ta biyu a Disamba, ƙarfe bakwai na dare. Wurin da suka kama mashaya ce a unguwar da asibitin yake, wai nan suke yi duk shekara. An manna takarda a ɗakin shan shayi, kowa ya rubuta sunansa, ya zaɓi abinci kala uku, ya ba da fam 10 kafin alƙalami, duka-duka fam 32. Ranar Juma'a za a rufe karɓar suna. Ni kaɗai ce Musulma a sashen, sai wani likita ɗan Pakistan. Shugabar nas-nas ɗinmu mutuniyar kirki ce, ita ta tsaya min lokacin da nake shirin jarrabawar OSCE, wato gwajin aikin nas a aikace kafin a ba mutum rajista, kuma yau ma sai da ta tambaye ni ko na zaɓi abin da zan ci. Ban san me ake ci ba, ban san yadda wurin yake ba, zuciyata kuma ta ƙi kwanciya. Ku da kuka daɗe a ƙasar nan, yaya kuke yi?

Uwar Biyu:
Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, gidan giya fa kika ce da bakinki. Ina abin shawara a nan? Ki ce kina da uzuri a gida, magana ta ƙare.

Baban Sadik:
Hajiya Uwar Biyu, a yi mata bayani dai tukuna. Wanda bai taɓa leƙa mashayar Ingila ba, abin da zai faɗo masa a rai shi ne kiɗa da hayaƙi da 'yan maye suna tangaɗi. Akwai irin waɗannan a tsakiyar gari daren Juma'a da Asabar, ba musu. Amma na unguwa da na ƙauye, da yawansu yanzu abinci ne ke riƙe da su. Ranar Lahadi da rana za ki tarar da kaka da jikokinta, ga kujerar jarirai, ga kare kwance ƙarƙashin tebur. Tun 1 ga Yuli 2007 aka hana shan taba a ciki. Doka ta yarda yaro ya shiga in yana tare da babba. A wasu ƙauyukan nan ake taron 'yan unguwa, nan ake zama bayan an dawo daga jana'iza, don ba su da wani ɗakin taro. Abokan aikinki ba da wata manufa suka zaɓi wurin ba, shi ne zai ɗauki mutum ashirin da wani abu a kuɗin da nas za ta iya biya.

Ni ina zuwa namu. In ci kifi, in sha lemo, kafin tara na yi musu sallama.

Uwar Biyu:
Har da kare a ƙarƙashin tebur? To ka ƙara min dalili.

Ɗan Fagge:
Anti Maman Ilham, ni a kicin ɗin irin wannan wurin nake aikin wucin gadi tun da na zo karatu. Hukunci na malamai ne, amma abin da ke cikin faranti na san shi, don daga ƙarshen Nuwamba shi muke dafawa dare da rana.

Babban abincin gasasshen talotalo ne, a yanka shi fale-fale. Naman talotalo bushewa yake yi a tanda, shi ya sa masu dafuwa da yawa suke lulluɓe ƙirjinsa da siraran yankan naman alade kafin a gasa. In ya gasu a kwashe na aladen. Ke ba za ki gan shi ba, amma kitsensa ya riga ya ratsa. A gefen faranti kuma za a ɗora ƙananan tsiran alade, kowanne an naɗe shi da wani naman aladen. Wannan ne abin da Bature ya fi ɗoki a duk farantin, kina cewa a cire miki na kusa da ke zai ce a ba shi. Akwai wani curi na garin burodi da albasa da ganye mai ƙamshi, wanda asali a cikin tsuntsun ake cusa shi. Wani wurin zalla ake yinsa, wani wurin da niƙaƙƙen naman alade ake kwaɓa shi. Dankali kuma in ana son burgewa a kitsen dinya ko na agwagwa ko na sa ake gasa shi. Ƙananan kabejin nan masu ɗaci, su ma sau da yawa da gutsattsarin alade ake soya su. Romon da ake kwararawa a kai daga tiren gashin naman yake fitowa, wasu su ƙara masa jar giyar inabi. Abin da galibi ke tsira shi ne karas da wata farar saiwa mai zaƙi 'yar'uwarsa.

Kifin da Baban Sadik ya ambata ma a kula. Soyayyen nan mai ɓawon fulawa, a mashaya yawanci da giya ake dama fulawar don ta yi garas-garas. In gasasshen salmon ne, miyar da ake zuba masa takan zo da farar giyar inabi. Ki ce a kawo shi tsurarsa da lemon tsami.

Kayan zaƙi nan ne wurin ya fi santsi. Fudin ɗin Kirsimeti, baƙin kek ɗin nan mai nauyi na busassun 'ya'yan itace, da barandi ake jiƙa shi, a kuma zuba masa farar miya ita ma mai barandi. A gidaje har kashe fitila suke yi a kunna masa wuta a shigo da shi yana ci. Duk wani abu mai daskarewa yana rawa kuma, a tambaya ko da jelatin ɗin alade aka yi shi. Abin da ba ya ba ni shakka shi ne yankakkun 'ya'yan itace.

Wani abu da mutanenmu ba su sani ba: doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu da ciwo, irin su gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi da alkama. Alade ba ya cikinsu, giya ma ba ta ciki. Saboda haka rashin ganin alama a takardar abinci ba ya nufin komai. Alamar abincin marasa cin nama ma nama kawai ta cire, ba ta cire giya ba. In za ki je, ki buga waya tsakanin uku da huɗu na yamma lokacin da kicin ya lafa, ki ce a haɗa ki da babban kuku, kada ki tsaya kan yarinyar da ke kanta. Tunda odar gaba ce, ware faranti ɗaya ba ya yi mana wahala.

Amarya a Luton:
Amma ai ance giyar ƙonewa take yi in an dafa ko an kunna mata wuta, ɗanɗano kawai ke saura.

Likitan Hull:
Ba ta ƙonewa duka, Amarya. An yi gwaji a Amurka da tallafin ma'aikatar nomarsu, sakamakon ya fito a 1992. Abin da aka zuba wa giya aka kunna wa wuta, kusan kashi 75 cikin 100 na barasar yana nan bayan wutar ta mutu. Wanda aka bari yana ɓararraka awa biyu da rabi, kusan kashi 5 ya rage. Romon da aka tsiyaya wa giya minti goma kafin a sauke kuwa, lissafa da kanki.

Malam na Leicester:
Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Ɗan Fagge da Likita. Tambayar 'yar'uwa biyu ce ta haɗe, kuma duk amsoshin nan ta farko suka taɓa, wato abin da za ta sa a bakinta. Wannan mai sauƙi ce, ana iya kauce mata da kayan lambu. Ta biyun ita ce zaman kansa. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Lafazin a kan tebur yake. Ko a otal mai tauraro biyar aka yi, in kwalba na yawo a teburin da kike, hukuncin ɗaya ne. Kuma a aya ta 90 cikin Ma'ida, da Allah ya ambaci giya cewa ya yi a nisance ta.

Game da talotalon, na san wani zai kawo aya ta 5 a surar, cewa abincin Ma'abota Littafi halal ne gare mu. Haka ne. Amma aya ta 3 ta haramta maƙararriya da wadda aka buge ta mutu, kuma manyan mayankar tsuntsaye da yawa a ƙasar nan da iskar gas suke kashe su kafin wuƙa ta taɓa wuya. Shi ya sa ake da hukumomin tantance halal irin su HMC da HFA, ko da yake su ma sun saɓa a kan sumar da dabba kafin yanka.

Wannan ba ya nufin a ɗaure wa abokan aiki fuska. Aya ta 8 a Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba da yi musu adalci ba. A nemi wata ƙofar kyautatawar.

Baban Sadik:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, ba musu nake ba. A jirgin da ya kawo mu ƙasar nan, na kusa da ni giya yake sha, kafaɗarmu na gogar juna awa shida. A taron ƙara wa juna sani da ma'aikata ke tura mu, abincin dare da kwalabe a tebur yake zuwa. In aka bi wannan a tsanake, ai sai mu daina fita. Kuma wannan liyafa ba ibada ba ce. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin 100 ne kacal a Ingila da Wales suka ce su Kiristoci ne, kashi 37 suka ce ba su da addini. Mafi yawan waɗanda za su zauna a teburin nan rabonsu da coci tun ɗaurin auren wani. Shi kansa talotalon tsuntsun ƙasar Meziko ne, sai a ƙarni na 16 ya iso Ingila, kafin ya zama ruwan dare dinya da naman sa suke ci. Abin nan na takarda da mutum biyu ke ja ya fashe, a ciro hular takarda a sa, wani mai sayar da alewa a Landan, Tom Smith, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1840 don ya sayar da hajarsa. Ina addini a nan?

Malam na Leicester:
Baban Sadik, ban ce hular takarda ibada ce ba, kuma tarihin talotalo bai shafi abin da na kawo ba. A jirgi ba kai ka zaɓi maƙwabcinka ba, ba ku kuma haɗu don ku ci ku sha tare ba. Taron da aikinka ya rataya a kansa, akwai malaman da suka sassauta saboda larura, da sharaɗin mutum ya taƙaita zamansa. Liyafar da aka manna takarda aka ce mai so ya rubuta sunansa, ya biya daga aljihunsa, ban ga larura a cikinta ba. Wannan fahimtata ce. In wani malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa ya ba ka wata fatawa, tsakaninka da Ubangijinka.

Ɗan Fagge, ɗana, ka neme ni ta gefe mu yi magana a kan aikin nan naka. Ba faɗa ba ne.

Ɗan Fagge:
To Malam, zan kira in sha Allah. Awa 20 kawai biza ta ba ni a mako, kuma su ne suka fara ɗaukata. Ba na taɓa kanta, tukunya da tanda ne nawa.

Basakkwace:
Ni abin da ban gane ba, mi za ya sa mutum shi biya fam 32 shi ci dahwahwen karas? Ko babu haramci wagga hasara ta.

Anti Ladi:
Basakkwace ka kashe ni da dariya. Bari in sa baki a matsayina na Kirista 'yar Wusasa, tunda bikinmu ake magana. Ni ma ba na sha, cocin da na taso a ciki bai yarda da giya ba, kuma farkon zuwana wannan liyafa ta ɗaure min kai fiye da yadda kuke zato. A gida Kirsimeti shi ne a je sujada da safe cikin sabon ɗinki, a dawo a tarar da shinkafa da miyar kaji da cincin, a cika kwanuka a aiki yara gidajen maƙwabta. Babana yakan kira Musulmi ya yanka mana akuya, don kada wani maƙwabci ya ji ƙyanƙyamin kwanonmu. Da Sallah kuma namu kwanukan su dawo da nama. Ba wanda ya taɓa cewa a haɗu a gidan giya.

Abin da na lura da shi a nan, wannan ta wurin aiki ba bikin haihuwar Yesu ba ce a wurinsu, ba a ko ambatonsa. Sallamar ƙarshen shekara ce tsakanin mutanen da suka sha wahala tare. Kuma kashi biyu take. Daga bakwai zuwa wajen takwas da rabi ana cin abinci ana karanta barkwancin da ke cikin abin fashewar nan, wanda ba ya ba kowa dariya. Daga an kwashe faranti sai a koma kanta, wani ya sayo wa kowa, wani ya rama, daga nan ne ake faɗin maganganun da ake jin kunyarsu ranar Litinin. Ni a kashin farko nake tsayawa. Maman Ilham, ba zan ce ki je ba, addininki ya fi ni sanin iyakarki. Amma kada ki ɗauka rashin shan ki zai zama abin kallo. Masu tuƙi ba sa sha, masu juna biyu ba sa sha, yaran yanzu ma da yawa sun daina.

Kawu Birmingham:
Na karanta duka. Ku 'yan yanzu kuna muhawarar ko ku shiga, akwai lokacin da ko kun so ba za a bar ku ba. A nan kusa da ni, Smethwick, a Fabrairun 1965 Malcolm X ya zo ya ga yadda ake hana baƙaƙe da Indiyawa sayen gida a titin Marshall. Ma'aikatan Indiya suka kai shi wata mashaya don ya gani da idonsa yadda ake ware ɗakin da ba a sayar wa mai duhun fata komai. Kwana tara bayan nan aka harbe shi a New York. A ƙarshen shekarar aka yi dokar da ta hana irin wannan wariya a wuraren jama'a. Yau a unguwannin nan 'yan Punjab ne ke da mashayu da dama, gasasshen nama suke sayarwa. Na kawo wannan ne don ku san gayyatar da aka yi wa 'yata ba raini ba ce, an ɗauke ta 'yar gida.

Ni ba na zuwa, kuma ban rasa komai a aiki ba har na yi ritaya. Amma ban yarda da shawarar Hajiya Uwar Biyu ba ta cewa a ƙirƙiro uzuri. Bana ki ce yaro ba lafiya, baɗi ki ce baƙi, shekara ta uku sun gama yanke hukunci cewa ba kya son su. Bature in ka gaya masa gaskiya a taƙaice yakan karɓa, abin da ba ya so shi ne a bar shi yana jira da takardar oda a hannu. Ki samu shugabar taku ita kaɗai, ki ce kin ji daɗin gayyatar, addininki bai ba ki damar zama inda ake shan giya ba, kina so ki san ko akwai wani abin da sashen ke yi da za ki shiga. Ki faɗa tun kafin Juma'a.

Sannan wuraren nan tun watan Satumba ake kama su. Mai son a canza wuri, a Satumba zai ɗaga hannu ya ce shi zai nemo, ba a Disamba zai zo yana gunaguni ba.

Uwar Biyu:
Kawu na karɓi gyara a kan uzurin. Amma dai ba ta zuwa.

Hajiya Akanta:
Ƙarin bayani kan maganar Kawu. Dokar daidaito ta 2010 ta sa addini cikin abubuwan da ba a yarda a cuci ma'aikaci saboda su ba, to ba mai ikon tilasta miki ko ya riƙe ki da shi wajen ƙarin girma. Ga masu aiki a kamfani kuma, hukumar haraji tana yafe haraji a kan liyafar shekara har fam 150 kowane kai, da sharaɗin ta zama a buɗe ga dukkan ma'aikata. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke biya da kansu, kuma manaja mai hankali zai saurare ka in ka nuna masa wurin da aka zaɓa yana korar wasu. A ofishinmu cin abincin rana aka koma yi a gidan abincin Turkawa, mai son sha ya wuce mashaya daga baya. A asibitin gwamnati dai galibi aljihunku ne, don haka sai lallami.

Ɗan Gashuwa:
Ina ta karantawa ban so in yi magana ba, amma bari in faɗa. Ku duk kuna manyan garuruwa. Na Manchester in ya ga dama ranar Kirsimeti ya tafi Wilmslow Road ya ci abin da yake so. Ni a wani ƙauye nake a Norfolk, gidan kula da tsofaffi. Na shigo bayan 11 ga Maris 2024, lokacin da aka hana masu irin aikinmu zuwa da iyali, to matata da yarana suna gida.

Ranar 25 ga Disambar bara na yi aikin safe na tashi ƙarfe biyu. Babu bas, babu jirgin ƙasa, manyan kantuna doka ta rufe su, ƙaramin shagon ƙauyen ma a rufe. A ɗakina burodi ne da ganyen shayi. Ina tafe a ƙasa cikin sanyi matar da ke da mashayar ƙauyen ta hango ni da rigar aiki, mahaifiyarta na cikin tsofaffin da muke kula da su. Ta fito ta ja ni. Na ce ba na sha, ba na cin naman. Ta ce ta sani. Ta zaunar da ni a wani ɗan tebur ni kaɗai kusa da murhu, ta kawo dankali da ta ce a man zaitun aka gasa, da kayan lambu, da wani gashin gyaɗa da ƙwayoyi da suke yi wa marasa cin nama. Abincin ranar nan sai wanda ya kama wuri tun da wuri, fam 85 kowane kai, ba ta karɓi ko kwabo ba. Ƙarfe uku aka kunna jawabin Sarki Charles, wasu tsofaffi suka yi tsit suna saurare. Na fito da sauri don kafin huɗu rana ta faɗi, ga La'asar ban yi ba.

Ban ce na yi daidai ba, ban kuma zo neman fatawa ba. Tambayata ita ce, ranar nan mutum nawa ne a zauren nan suka tambayi inda irinmu suke?

Malam na Leicester:
Ɗan Gashuwa, maganarka ta fi tawa nauyi. Teburinka daban, yunwa ta kai ka, mai wurin ta yi maka karamci. Allah ya saka mata da shiriya, ya haɗa ka da iyalinka. Laifin da ka ɗora mana kuma namu ne.

Anti Ladi:
Wayyo ƙanena. Bana kada ka kuskura ka zauna kai kaɗai.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Kawu, na samu shugabar tamu bayan mun miƙa aiki. Ta ce akwai ɗaki a saman mashayar da za a ware mana, amma ba za ta ɓoye min ba, giyar inabi za ta hau tebur don tana cikin kuɗin. Na ce to a yafe ni. Ba ta nuna komai ba, sai ma ta ce ashe shi ya sa wata nas 'yar Somaliya da ta taɓa aiki a nan kullum take cewa tana da ciwon kai. Na karɓi aikin daren ranar don wata mai son zuwa ta samu dama. Ashe kuma ranar 24 ana haɗa abinci a sashen, kowa ya kawo nasa, na ce zan kawo dafa-duka. Likitan ɗan Pakistan kuwa ya ce shi yana zuwa duk shekara, miya da burodi yake sha ya tafi.

Baban Sadik:
Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni dai ina nan kan bakana, akwai hirar da ba a yinta a ɗakin shan shayi, kuma wanda ba ya wurin ba ya jin ta. In an zo rabon manyan muƙamai, wanda aka sani ake tunawa. Dokar 2010 ba ta shiga zuciyar mutum.

Uwar Biyu:
Arziki na Allah ne, Baban Sadik. Ba a ƙarƙashin kwalba yake ba.

Shugaban Zaure:
To a tsaya nan, kowa ya faɗi nasa, kada ta koma sa-in-sa. Maganar Ɗan Gashuwa ce ba za mu wuce ba. Na yi magana da maiɗakina, gidanmu a Peterborough a buɗe yake ranar 25 ga duk wanda ba shi da kowa kusa, Musulmi ko Kirista. Wanda ba shi da mota ya tuna babu jirgin ƙasa ranar, washegari ma kaɗan ne ke tashi, sai dai ya iso ranar 24 ya kwana. Masu mota su rubuta garin da za su taso da yawan kujerun da suka rage. Ɗan Gashuwa, in kana aikin safe ka faɗi ƙarfe nawa za ka tashi, ni zan zo in ɗauke ka.

Amarya a Luton:
Mu biyu, kujera uku. Zan yi waina. A gwada talotalon mana mu ma mu ji abin da suke ji.

Ɗan Fagge:
In za a yi talotalo a ba mahaucin halal oda a makon nan, ƙarshen wata ba a samu. Mai kilo 5 ya ishi mutum goma. In daskararre ne a sauke shi cikin firji tun ranar 22, kowane kilo yana cin awa 10 zuwa 12 kafin ya saki. Ni zan gasa, man shanu da yajin ƙuli zan cusa ƙarƙashin fatar. Ranka ya daɗe Shugaba, a auna min faɗin tandar gidan, kada mu sayo wanda ba zai shiga ba.